Rakiyar baƙi a titin Mu'izz na Alƙahira: wadda ta ci kuɗinta da wadda ba ta ci ba

Kusan kowane otal da ofishin yawon buɗe ido a Alƙahira yana sayar da abin da suke kira zagayen tsohon birni, wato a haɗa ka da jagora ya taka da kai titin al-Mu'izz na rabin yini. Sunan hidimar ɗaya ne a ko'ina, amma abin da ke cikinta ya bambanta ƙwarai. Akwai wadda za ka fito kana iya duban gini ka faɗi zamaninsa da dalilin da ya sa ya karkace. Akwai kuma wadda bayan awa biyu za ka tsinci kanka a shagon turare, wayarka cike da hotunan hasumiyoyin da ba ka san sunan ko ɗaya ba. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne titin nan ya cancanci a biya jagora dominsa, saboda yawancin abin da ya kamata a gani ba a rubuce yake a allunan bakin ƙofa ba. Sai dai a gindaya sharuɗɗa kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Tsawon titin kamar kilomita ɗaya ne, daga Babul Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu, ƙofofi biyu na tsohuwar ganuwar birnin. A shekarar 969 Jauhar as-Siƙilli, kwamandan rundunar Faɗimiyyawa, ya ci Masar ya shata sabon birni domin ubangidansa halifa al-Mu'izz li-Dinillah, wanda ya iso a 973. Wannan hanya ce ta raba birnin gida biyu. Mutanen da Ƙasaba suke ce mata, kowane yanki nata kuma da sunan sana'ar da ake yi a wurin, kamar Nahhasin na maƙeran tagulla da Saga na maƙeran zinariya. Sunan al-Mu'izz sai a ƙarni na 20 aka laƙaba mata. Da farko birnin na halifa ne da fadawansa da sojojinsa. Bayan Salahuddin al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular a 1171, sai talakawa da 'yan kasuwa suka shigo, fadojin suka tafi sannu a hankali, sarakunan da suka biyo baya kuma kowanne ya nemi ya kafa gininsa a bakin wannan hanya inda kowa zai gani. Masanin tarihi al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ce akwai shaguna 12,000 a tsawon Ƙasaba. UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Abin da za a daddale kafin a biya ba shi da yawa. Jagora ya nuna katinsa na lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi, domin masu tare baƙi a bakin titi suna cewa su jagorori ne ba su da iyaka. A tambaye shi ko ya saba da gine-ginen Musulunci, don da yawa daga cikinsu ƙwarewarsu a kan dalar Giza da zamanin Fir'auna take, nan kuwa haddar 'yan jimloli kawai suke zubawa. A rubuta a saƙo cewa tafiyar daga ƙofa ce zuwa ƙofa, awa 4 da rabi zuwa 5, ba shiga shago sai baƙo ya nema da bakinsa. Kada ayari ya wuce mutum 8, saboda zaurukan shiga matsattsu ne, na baya ba ya jin abin da ake faɗa wa na gaba. Sai maganar tikiti. Akwai na haɗaka da ake yanka a tsakiyar titin, wanda ke shigar da mutum gine-ginen sarakuna Ƙalawun da Barƙuƙ da wasu na kusa da su, gidan Suhaimi kuma da hawa Bab Zuwaila kowanne da nasa. A san tun farko ko kuɗin jagora ya haɗa da su. A riƙe katin banki, a kuma riƙe canjin fam na Masar domin tukuicin masu tsaron takalma da masu buɗe ɗakunan da ke kulle. Ɗalibi ya zo da katinsa, akwai rangwame.

Da ƙarfe 9 na safe ake so a kasance a Babul Futuh. Tashar metro ta Bab ash-Sha'ariyya, a layi na 3, tana kusa, ana iya ƙarasawa da ƙafa. Farawa daga arewa ya fi, domin wannan rabin ne aka gyara aka taƙaita shigar motoci tun 2008, da safe kuwa shiru yake, ana jin muryar jagora ba sai ya ɗaga ta ba. Ƙofar da kake tsaye gabanta ba ta Jauhar ba ce. Ganuwarsa ta tubalin laka ce, ta daɗe da tafiya. Waziri Badar al-Jamali ne ya faɗaɗa birnin ya sake ta da dutse, ya gama Babul Futuh da maƙwabciyarta Babun Nasr a 1087, Bab Zuwaila kuma a 1092. Hasumiyoyin tsaro na Babul Futuh zagayayyu ne, na Babun Nasr masu kusurwa huɗu. A jikin ganuwar akwai duwatsun da aka ɗebo daga gine-ginen zamanin Fir'auna, wasu har yau da zanensu. Idan jagora ya ce Salahuddin ne ya gina waɗannan ƙofofi, to ya yi kuskuren kusan shekara 90, kuma alama ce ta a riƙa tauna sauran maganganunsa kafin a haɗiye.

Da shiga ƙofar sai masallacin al-Hakim a hannun hagu. Halifa al-Aziz ya fara shi a 990, ɗansa al-Hakim ya kammala a 1013. Ya sha wuya a tsawon rayuwarsa: an tsare fursunoni a ciki, sojojin Faransa sun mayar da shi sansani, an yi ajiya a cikinsa, an buɗe makaranta a harabarsa. A 1980 jama'ar Bohra, wani reshen 'yan Shi'a Isma'iliyya daga Indiya, suka yi masa gagarumin gyara da farin mabul da ruwan zinariya. Masallacin ya dawo ana salla a cikinsa, wannan alheri ne babba, amma masana gine-ginen tarihi sun soki gyaran da cewa ya rufe tsohon jikin ginin, kuma jagora mai gaskiya zai faɗi duka biyun. Abin da ya rage na asali sosai shi ne hasumiyoyin biyu. A 1010 aka kewaye gindinsu da wani ginin dutse mai kusurwa huɗu, kamar an zura su cikin kube, kawunansu kuma an sake su bayan girgizar ƙasar 1303. Minti 20 ya isa a nan. Jagorori da yawa suna ɓata minti 40 saboda harabar tana kyau a hoto, lokacin kuma daga rabon Ƙalawun ake yankarsa.

Masallacin al-Aƙmar ƙarami ne, mai sauri zai wuce shi bai lura ba, amma a nan ake gane jagoran da ya san aikinsa. Waziri al-Ma'amun al-Baɗa'ihi ya gina shi a 1125, zamanin halifa al-Amir. Matsalar da maginan suka tarar ita ce titin ya miƙa daga arewa zuwa kudu, alƙibla kuwa daga Alƙahira kudu maso gabas take. In an bi titi, sahu zai kauce wa alƙibla. In an bi alƙibla, fuskar masallacin za ta ci hanya ta gicciye. Sai suka yi duka biyun: fuskar waje ta bi titi daidai, ɗakin salla ya bi alƙibla daidai, bambancin kuma aka ɓoye shi cikin kaurin bangon gaba, wanda ya fi kauri a gefe ɗaya, har aka sami wurin 'yan ɗakuna da matakala a cikinsa. Tsaya a bakin ƙofa ka dubi tsakar masallacin, za ka ga ta ɗan juya, ƙafarka ma za ta ji ka karkata kana shiga. Wannan ne masallaci na farko a Alƙahira da aka yi wa wannan dabara, kuma kusan duk manyan gine-ginen da za ka gani bayansa ita suka bi. Jagoran da ya tsayar da kai nan ya sa ka gani da idonka ya ba ka mabuɗin titin gaba ɗaya. Wanda ya tsaya a kan adon dutse kaɗai ya bar maka rabi.

Adon ma abin tsayawa ne. A saman ƙofa akwai sassaƙa mai tsagi-tsagi kamar hasken rana yana bazuwa, a tsakiyarta da'ira mai sunayen Muhammadu da Aliyu, kewaye da ayar Alƙur'ani. Ɓangaren dama na fuskar sabon gini ne, an kwaikwayo shi daga na hagu a gyaran da aka yi a shekarun 1990, kuma launin dutsen yana nuna haka ga mai lura. Sannan ka lura da cewa sauka ake yi zuwa masallacin. Ba a rami aka gina shi ba. Titin ne ya riƙa tashi, shekara 900 ana rushewa ana gini a kan ɓaraguzai.

Kafin a kai ga al-Aƙmar akwai lungun Darbul Asfar a hagu, inda gidan Suhaimi yake. An fara shi a 1648, aka faɗaɗa a 1796, sunan kuma na wani shehin Azhar ne da ya zauna ciki daga baya. Abin koyo a nan shi ne yadda ake sanyaya gida ba wuta: tsakar gida mai itatuwa, rumfar zama a bene tana fuskantar arewa inda iska mai sanyi ke fitowa, wata buɗaɗɗiyar rumfa a ƙasa tsakanin tsakar gida da lambun baya wadda iska ke ratsawa, da tagogin mashrabiyya, waɗanda ake haɗawa da ƙananan guntayen katako da aka feƙe, su rage zafin rana su bar iska ta shiga, na ciki ya ga waje na waje bai gan shi ba. Minti 30 zuwa 40. In lokaci ya ƙure, wannan ne za a taƙaita, ba na gaba ba.

Inda titin ya rabu biyu, wani siririn gini ya tsaya a tsakiya kamar goshin jirgin ruwa. Sabil ne, wato wurin ba da ruwan sha kyauta, na Abdurrahman Katkhuda, na 1744. Za ka ga irinsa da yawa a hanyar, don haka gara a fahimci yadda yake aiki sau ɗaya. A ƙarƙashin ginin akwai babbar ma'ajiyar ruwa. Lokacin cikar kogin Nilu ake kawo ruwa cikin salka a bayan raƙuma da jakuna a cika ta, ya kai shekara. Daga nan ake jawo shi sama, a sabil da yawa ya gangaro ta kan wani faifan mabul mai tsagi da aka jingina, ya sha iska ya yi sanyi, ya taru a kwatarniya bayan tagar tagulla. Mai wucewa ya miƙa hannu ya sha kyauta. A saman bene kuma kuttab ne, makarantar allo ta marayu. Duka biyun waƙafi ke ɗaukar nauyinsu, daga albashin mai ba da ruwa har na malami. Cikin ɗakin Katkhuda an lulluɓe shi da tayil mai shuɗin fure, kuma a bango ɗaya akwai hoton Ka'aba da masallacin Harami a jikin tayil ɗin. A nemi jagora ya nuna shi, don mutane da yawa suna fita ba su gani ba. A nan ne kuma matsalar tikiti take fitowa: mai zuwa daga arewa yana isa wannan sabil kafin ya kai inda ake yankar tikiti. Jagoran kirki ya riga ya tanade shi, ko ya tsara a dawo baya.

Daga nan titin ya buɗe zuwa Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu. Fadar gabas da ta yamma ta Faɗimiyyawa ce ake nufi, kuma babu ko ɗaya a tsaye. Abin da ya maye gurbin ta yamma shi ne jerin gine-gine uku na sarakunan Mamalik, daular da ta mulki Masar bayan zuriyar Salahuddin, manne da juna, tsawon bango ɗaya mai ƙubbobi da hasumiyoyi. Aƙalla awa ɗaya da kwata ya kamata a ba su. Duk zagayen da ya ba su ƙasa da haka bai ci kuɗinsa ba.

Na farko ga mai zuwa daga arewa shi ne na Sultan Barƙuƙ, 1384 zuwa 1386, makaranta da zawiyar sufaye a haɗe. Ƙofarsa an lulluɓe ta da tagulla mai zanen taurari. Dogon zaure mai lanƙwasa ne ke kai ka tsakar ginin, kuma lanƙwasar nan ita ce dai dabarar al-Aƙmar a babban sikeli. A ɗakin alƙibla ka ɗaga kai: rufin katako ne mai shuɗi da ruwan zinariya, a kan manyan ginshiƙai huɗu da aka ɗauko daga gine-ginen zamanin da. Barƙuƙ kansa ba a nan yake kwance ba, yana maƙabartar da ke wajen birni, a ginin da ɗansa Faraj ya yi. Na biyu makarantar an-Nasir Muhammad ce, wadda aka kammala a farkon shekarun 1300. Ƙofarta ta fita daban da duk na titin, domin ƙofar coci ce daga birnin Akka, aka ciro ta bayan Sultan al-Ashraf Khalil ya ƙwace garin daga mayaƙan Salibiyya a 1291. Ja da baya zuwa ɗaya gefen titin ka dubi hasumiyarta, sassaƙar filasta ce mai laushi kamar aikin allura. Wannan an-Nasir shi ne ke kan mulki lokacin da Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji.

Na uku, wanda ya fi su duka, na mahaifinsa ne Sultan al-Mansur Ƙalawun: asibiti da makaranta da hubbare a wuri ɗaya, an gina su tsakanin 1284 da 1285 cikin kusan wata 13. Masana tarihi sun ruwaito cewa ya taɓa yin jinya a asibitin Nuruddin da ke Dimashƙa, ya yi alwashin gina irinsa in Allah Ya ba shi mulki. Ƙofa ɗaya ce, sai dogon zaure mai tsayi. Makaranta tana hagu, hubbaren yana dama, asibitin yana can ƙarshe. A shiga hubbaren a tsaya minti biyu ba magana, sai ido ya saba da duhun. Ƙubbar tana zaune a kan ginshiƙai takwas, huɗu ginannu masu kusurwa, huɗu na dutse guda, an jera su bibbiyu. Bangon ƙasa an shimfiɗa masa mabul kala-kala da ɓawon kawa mai walƙiya, kuma a wasu wurare abin da za ka ɗauka zane ne kawai, sunan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ne aka maimaita da rubutun Kufi mai kusurwa. Haske yana shigowa ta gilasai masu launi ya sauka a kan shingen katako da ya kewaye kabarin. Ƙubbar da kanta ba ta asali ba ce, an sake ta a 1903.

Ga abin da jagora nagari zai ja hankalinka gare shi. Gine-ginen nan suna yammacin titi, don haka bangonsu na alƙibla shi ne ke kallon hanya. Shi ya sa aka sa hubbaren a bakin titi da manyan tagogi masu sandunan ƙarfe. A cikin kaurin tagogin nan mahaddata suke zama suna karatu, mai wucewa ya ji ya yi wa mamacin addu'a. Asibitin kuwa kyauta yake duba kowa, da sassa daban na zazzaɓi da ciwon ido da tiyata da taɓin hankali, maza da mata kowa da ɓangarensa, waƙafi ke biya. Kaɗan ne ya rage daga ginin, amma har yau akwai asibitin ido a filin. A nan ne aka gano katakan fadar yamma ta Faɗimiyyawa masu sassaƙar mafarauta da makaɗa, an juya fuskarsu ciki an yi amfani da su a sabon gini. Yanzu suna gidan adana kayan fasahar Musulunci na Alƙahira. Jagorori da yawa ba sa ƙarasawa da baƙi wajen asibitin, don ba shi da kyau a hoto. A matsa a je.

A tsallaken titi akwai makarantar as-Salih Najmuddin Ayyub ta farkon shekarun 1240, ta farko a Masar da ta haɗa mazhabobi huɗu, har da Malikiyya, a wuri ɗaya. Hubbarensa da ke jikinta matarsa Shajaratud Durr ce ta gina a 1250. Shagunan maƙera sun rufe mafi yawan fuskarta, sai an bi ta lungun da ke ƙarƙashin hasumiyar.

A nan ne hidimar ta fi lalacewa. Kasuwar Khan al-Khalili tana hagu, 'yan taku kaɗan. Rana ta take, ƙafa ta gaji, sai jagora ya ce a shiga a huta wajen wani amininsa mai turare ko mai azurfa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yana da la'ada a kan duk abin da baƙonsa ya saya, kuma zagayen da aka sayar da arha sosai galibi daga nan ake cike giɓinsa. Awa ɗaya za ta tafi, daga nan a ce lokaci ya ƙure, a kira mota. Rabin titin na kudu ke nan ya tafi. Maganinsa shi ne a biya jagora kuɗin da ya dace da wahalarsa tun farko, a kuma gaya masa cikin mutunci, Ustaz, kasuwa sai bayan Bab Zuwaila. Kasuwar ba ta rufewa da wuri, gine-ginen tikiti kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma galibi an kulle su.

Bayan makarantar Sultan Barsbai ta 1425, titin Azhar da aka yanka a ƙarni na 20 ya datse hanyar, motoci ba ƙaƙƙautawa. A bi jagora ta inda ake tsallakawa, kada a kutsa. Da tsallakewa sai gine-ginen Sultan Ƙansuh al-Guri, 1503 zuwa 1505, masallaci da makaranta a dama, hubbare da sabil a hagu, da rufin katako ya haɗa su ta sama. Kasuwar alharini ce a da a ƙarƙashin rufin. Al-Guri bai kwanta a hubbarensa ba. Ya mutu a yaƙin Marj Dabiƙ da Usmaniyya a 1516, ba a kuma dawo da gawarsa ba. Ƙubbar ta yi ta tsagewa har aka haƙura da ita aka sa shimfiɗaɗɗen rufi.

Daga nan zuwa ƙofa titin kasuwa ce ta mutanen gari, tufafi da barguna da labule, amalanke da babura suna ta neman hanya. Masu kamfanonin zagaye suna cewa baƙi ba sa son cunkoson. Mu kuwa muna ganin nan ne mutum zai ji ƙamshin abin da al-Maƙrizi ya siffanta. Kusa da al-Guri akwai masu yin jar dara da hular malaman Azhar, da manyan mazubai na tagulla da ake ɗumamawa da wuta, a kifa hular a kai a danne ta da wani mazubin har ta ɗauki siffa. A tsaya a kalla, a nemi izini kafin hoto. A wannan rabin ne kuma ciwon gine-ginen ya fi fitowa fili. Dubi gindin bango za ka ga farin tabo ya hau har ƙugu, dutse yana ɓarewa kamar garin alli. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da yoyon tsoffin bututu, dutsen ya tsotse su, ruwan ya bushe ya bar gishiri a cikin ramukansa, gishirin ya kumbura ya farfasa shi daga ciki. Shafa siminti a kai ƙara ta'azzara abin yake yi, don yana kulle laimar ta hau sama. Girgizar ƙasar Oktoban 1992 ta tarar da gine-gine da yawa a wannan hali, kuma bayanta ne aka tashi tsaye wajen gyara.

Masallacin Sultan al-Mu'ayyad Shaikh, 1415 zuwa 1421, yana manne da Bab Zuwaila. Kurkuku ne a wurin da, an taɓa tsare shi a ciki yana amir, ya yi alwashin in ya fita ya sami mulki zai mayar da wurin masallaci. Babbar ƙofar tagulla da ke bakinsa daga masallacin Sultan Hasan aka ciro ta. Hasumiyoyinsa biyu kuwa a kan hasumiyoyin tsaro na ƙofar birni aka ɗora su, ginin da ya girme su da fiye da shekara 300, ya kuma ɗauke su har yau. A wannan ƙofa aka rataye kawunan jakadun Hulagu, sarkin Mongol, a 1260 kafin yaƙin Ain Jalut, a nan kuma Sultan Salim na Usmaniyya ya rataye Tuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517.

A hau. Matakalar farko zuwa saman ƙofar mai sauƙi ce. Ta cikin hasumiyar matsattsiya ce, tana murɗawa, wasu wuraren ba haske, don haka a kunna fitilar waya, a hau ɗaya bayan ɗaya, a bar jaka a ƙasa wajen wanda ba zai hau ba. Mai ciwon gwiwa ko jiri ya tsaya a saman ƙofar, daga can ma ana gani. Daga baranda ta farko, in ka juya arewa, duk hanyar da ka tako tana gabanka, hasumiyar al-Guri mai kusurwa huɗu kusa, ƙubbobin Bainal Ƙasraini can gaba. Ta kudu kuma ga masallacin as-Salih Ɗala'i na 1160 a ƙarƙashinka. An gina shi a kan jerin shaguna don hayarsu ta riƙe shi, yau shagunan suna ƙasa da titi, sai an leƙa. Bayansa rufaffiyar kasuwar Khayyamiyya ce ta masu ɗinkin tanti, wadda Ridwan Bek ya gina wajen 1650.

Game da ranar zuwa, a guji safiyar Juma'a, don masallatai suna shirin salla, ba a sakewa da yawo a ciki. A watan azumi lokutan rufewa suna matsowa. Sallar azahar za ta riski ayari a wajen Bainal Ƙasraini ko al-Guri, jagora ya san masallacin da ke buɗe da wurin alwala, a ware mata minti 20 cikin lissafi. A sa takalmi mai sauƙin cirewa da safa mai kauri, don za a cire shi sau shida ko fiye, dutsen tsakar masallaci kuma yana ƙuna da rani. Mata su riƙe mayafi. Kowa ya ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi. Ana kuma tallar zagayen dare, lokacin da aka haska fuskokin gine-ginen da fitilu, iyalai suka fito shan iska. Yana da daɗi, kuma ba ya buƙatar jagora ko kaɗan, domin hubbaren Ƙalawun da gidan Suhaimi da matakalar Bab Zuwaila duk a kulle suke a wannan lokaci. Mai kwana biyu a garin ya biya na safe, ya dawo da dare da ƙafarsa.